Bokiti a Kan Shinge

A ƙauyenmu na Alsas, gindin tudun inabi,
coci ɗaya gare mu, makulli biyu.
Shingen ƙarfe ya raba cikinsa
tun kakar kakata tana goye:
gabas na Katolika, da bagade da kyandir,
yamma na Furotesta, da mumbari
da allon da ake jera lambobin waƙa.

Ni ce mai shara, Ottilie 'yar Wendelin.
Shekara talatin da ɗaya ina zura tsintsiya
ta ƙarƙashin shingen nan,
ban taɓa ganin taɓon takalmi ya nemi izinin ƙetarawa ba.

Ƙarfe takwas na Fada Florent ne,
ƙarfe goma na Fasto Théobald.
Abin da ke tsakani nawa ne:
in buɗe tagogi,
kada turaren wancan ya sa wannan tari.

Fada ya ce ikkilisiya uwa ce,
ana ganinta, ana jin ɗumin bayanta.
Hannu ya sauka a kan kai,
mai kan ya tsufa ya ɗora nasa a kan wani,
bi su baya-baya har ka iske Bitrus masunci
da makullai a ɗamara.
Wanda ya saki igiya, in ji shi,
kada ya ce rijiya ce ta yi zurfi.

Fasto ya ce ikkilisiya taro ce,
duk inda aka buɗe Littafi aka gutsura gurasa,
ko mutum biyu ne, ko a rumbun alkama.
'Ya'yanta na ainihi Allah kaɗai ya san adadinsu,
ba su cikin rajistar kowa.

Ni dai adadin kujeru na sani.

Bara, da ƙanƙara ta fara narkewa, rufi ya tsage.
Ɗigon bai zaɓi gabas ba, bai zaɓi yamma ba,
kan shingen ya sauka, ɗas,
ya rabu biyu.
Dattawa suka zauna sau uku kan wa zai biya.
Fada ya ce, ashe ginin da ba komai ba yana jiƙa mutum?
Fasto ya ce, ashe dutse yana yoyo?
Suka yi dariya, suka sha shayi,
ba wanda ya taɓa aljihunsa.

Na ɗauko bokitin wankina
na rataye shi da waya a bisa ƙarfen.

Yanzu in Fada ya ɗaga gurasa, kowa ya durƙusa,
shiru ya cika gabas,
sai ka ji: ɗis.
In Fasto ya tsaya haɗiyar yawu tsakanin aya da aya,
ɗis.

Babana na ƙarfe takwas ne, innata ta ƙarfe goma.
Burodi ɗaya suka yanka shekara arba'in,
ban da na ranar Lahadi.
Ran da aka shigo da akwatinta ta ƙofar yamma
bai zagaya ba, taurin kai gadonmu ne.
Ya tsaya a gabas, ya riƙe shingen da hannu biyu,
goshinsa a kan ƙarfe,
yana bin waƙar da ba tasu ba,
yana kuskure baiti,
carbinsa na lilo a wuyan hannu, ta ɓangarenta.

Ban yi karatun da zan raba musu gardama ba.
Wataƙila Fada na da gaskiya, gida sai da ginshiƙi.
Wataƙila Fasto, gida ai mutanen ciki ne.
In sun tambaye ni, sai in ce su ɗaga ƙafa, ina shara.

Da yamma nakan sauke bokitin,
nauyinsa na ja mini kafaɗa,
in bi ta bayan coci zuwa makabarta,
inda nan ma akwai layi.
Rabi ga furannin Baba.
In taka taku goma sha bakwai.
Sauran nata ne.

Mai gyaran rufi ya ce sai bayan girbin inabi.